Zauren karatu a cikin waya: amsoshin wasiƙun ɗaliban koyon malanta

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karo daga ɗalibai masu koyon aikin malanta suka fito, kuma kusan duk a kan abu guda suke zagaye: karatu a zaurukan WhatsApp da Telegram, da neman ilimi a intanet ba malami a kai. Mun taƙaita wasu, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Zaurenmu na 'yan aji ya haura mutum ɗari biyu. Don karatu aka buɗe shi, amma yanzu ba abin da ke shigowa sai gaisuwa, hotunan barkwanci da takardun PDF da ba mai buɗewa. Ni kaina ina da sama da tamanin a waya, ban karanta ko biyar ba. Mu rufe shi ne, ko akwai gyara? Daga ɗalibin shekara ta biyu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ku rufe shi, amma ku daina sa ran zai koyar da ku. Zauren mutum ɗari biyu allon sanarwa ne, ba aji ba. WhatsApp ya yarda a tara mutum 1,024 a zaure ɗaya, Telegram kuwa har 200,000, sai dai abin da manhajar waya za ta ɗauka daban, abin da karatu zai ɗauka daban. Idan jama'a suka yi yawa, kowa zai zuba ido wani ya amsa, wanda bai gane ba kuma ba zai tona kansa a gaban mutum ɗari biyu ba. Sai a wayi gari mutum biyar ke magana, saura 'yan kallo. Taron tsintsiya ke nan ba shara.

Ku shiga saitin zauren ku mayar da shi admin kaɗai ke aika saƙo, a bar shi don jadawalin lacca da ranar miƙa aiki. Sannan ku kasa kanku ƙananan zaure na mutum huɗu zuwa shida. Ƙasa da huɗu, da biyu sun sami uzuri zama ya watse. Sama da shida kuma, lalle za a sami mai laɓewa a bayan wasu.

A ƙaramin zauren ku kafa doka ɗaya da ba ta da sassauci: ba a turo takarda tsirara. Duk wanda zai turo PDF sai ya rubuta layi uku a ƙasa: shafi na nawa za a duba, me shafin ya ce, wace tambaya ta tsaya masa. Za ka ga turo takardu ya ragu sosai, domin akasarin masu turowa su ma ba su buɗe ba.

Mako kuma a ba shi fasali. Ran Litinin mai jan ragamar makon ya sa batu ɗaya da shafuka goma zuwa goma sha biyar. Ran Laraba kowa ya turo saƙon murya da bai wuce minti biyu ba, yana bayanin batun da littafi a rufe, kamar yana gaban yara. Ran Asabar a yi tambaya da muhawara. Jan ragama ya riƙa zagayawa, domin zauren da ya jingina da haziƙi ɗaya yana mutuwa ranar da haziƙin ya gaji.

Muhawarar tana da tsari da ya dace a aro daga Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard, wanda ya fara amfani da shi a farkon shekarun 1990. A yi tambaya mai zaɓi huɗu wadda ke neman fahimta, ba hadda ba. Kowa ya zaɓa shi kaɗai. Daga nan masu amsoshi mabambanta su yi ƙoƙarin shawo kan juna, sannan a sake zaɓe, sai a ƙarshe a duba littafi. Tambayar ta fi amfani idan wajen sulusi zuwa kashi biyu cikin uku ne suka dace a zagayen farko. In kowa ya dace, ba abin muhawara. In ba wanda ya dace, ku koma ga malaminku. Ga inda ake tuntuɓe: ƙuri'ar WhatsApp tana nuna inda jama'a suka karkata tun kafin ka zaɓa, sai mutane su bi rinjaye. Ku tura amsar farko ga mai jan ragama shi kaɗai, ko ku yi amfani da ƙuri'ar Telegram, wadda ba ta nuna sakamako sai ka jefa taka.

Tambaya: Malam, saura wata biyu mu fita gwajin koyarwa, kuma ban taɓa tsayawa gaban aji ba. Ni da ƙawayena huɗu muna ɗaukar bidiyon kanmu muna koyarwa mu tura wa juna, amma duk abin da ake ce mini shi ne "ya yi kyau". Ban ga na ƙaru ba. Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, kun kama hanya mai kyau, kuma tsohuwar hanya ce. A 1963 Dwight Allen da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da ita: ɗalibi ya koyar da ɗan gajeren darasi ga mutum kaɗan, a ɗauka a bidiyo, a yi masa gyara, ya sake koyarwa. Abin da kuka bari a baya shi ne gaɓoɓi biyu na ƙarshe, kuma a nan amfanin yake.

"Ya yi kyau" ba laifin ƙawayenki ba ne. Kin ba su darasi sukutum kin ce su duba, ba su san ina za su kama ba, ga kara. Ki zaɓi fasaha ɗaya tal a kowane bidiyo: buɗe darasi, ko yin tambaya, ko rubutu a allo, ko ba da umarnin aiki, ko rufe darasi. Minti biyar zuwa bakwai ya isa. Ki faɗa musu tun kafin su kalla: "Yau tambayoyina kawai za ku duba."

Sannan ki ba kowace abin ƙirgawa maimakon abin yabawa. Ɗaya ta ƙirga tambayoyi nawa kika yi, nawa ne daga ciki amsarsu "i" ko "a'a". Ɗaya ta riƙe agogo ta auna daƙiƙa nawa kike jira bayan kin yi tambaya. Ɗaya ta auna minti nawa kika ba aji baya kina rubutu. Ɗaya ta rubuta kalmomin da kike maimaitawa ba ki sani ba, irin su "kun gane ko?" Kowane gyara kuma ya zo da lokacinsa. Ki kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "Kina sauri kaɗan." Na biyu: "A minti 2:40 kin tambaya, tsakanin rabi da kwata wanne ya fi girma, kafin daƙiƙa biyu kin amsa da kanki. A 3:15 kin sake yin haka." Na farkon za ki iya musantawa ko ki ji haushi. Na biyun sai dai ki mayar da bidiyo ki gani da idonki.

Maganar jira ba ƙarama ba ce. Mary Budd Rowe, mai bincike kan koyar da kimiyya, ta bayyana a 1972 cewa malamai kan jira wajen daƙiƙa ɗaya kacal bayan tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru, masu cewa "ban sani ba" suka ragu. Daƙiƙa uku a gaban aji shiru tana yi wa sabon malami tsawo kamar me, shi ya sa ake gwada ta tun a ɗaki. Ki ƙirga a zuci.

Wajen ɗauka, ki kwantar da wayar a kwance, daidai tsayin ƙirji, taku uku zuwa huɗu daga allo, taga tana bayan wayar ba bayanki ba, in ba haka ba inuwa kawai za a gani. Ki yi amfani da kyamarar baya, domin ta gaba a wasu wayoyi tana juya rubutu. Ki sa ingancin hoto a 720p: minti ɗaya a 1080p yakan haura megabayit ɗari a wasu wayoyi, 720p kuwa wajen rabin haka. WhatsApp yana matse bidiyo har rubutun allo ya dusashe. Idan rubutun ne abin dubawa, ki tura shi a matsayin fayil, wanda ke ɗaukar har gigabayit 2 ba matsewa.

Ki karɓi gyara biyu kawai, ki sake koyar da darasin cikin kwana biyu, a sake ƙirgawa. Abu ɗaya da bidiyon ba zai ba ki ba shi ne hayaniyar aji na gaske. Ƙawayenki sun cika biyayya. Ki sa ɗaya ta riƙa ba da amsar kuskure irin ta yara, ɗaya ta yi kamar ba ta saurare, ki ga yadda za ki yi da su.

Tambaya: Ina gwajin koyarwa yanzu. Na ɗauki yarana a bidiyo suna aikin rukuni na sa a zaurenmu don abokai su ba ni shawara. Wani ya ɗora a Facebook, shugaban makarantar ya gani, ya kira ni ya yi mini faɗa sosai. Ai don koyo na yi. Ina laifina? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Malam, shugaban ya fi ka gaskiya, ka je ka ba shi haƙuri, ka kuma sa a sauke bidiyon yau. Niyyarka mai kyau ce, amma fuskar yaro ba taka ba ce. Kai baƙo ne a makarantar. Kafin ka ɗaga waya a aji sai da izinin shugaba, shi kuma yawanci sai da yardar iyaye, kuma ƙasashe da yawa suna da dokar kare bayanan yara.

Mutane kan ce ai saƙon WhatsApp a kulle yake daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Gaskiya ne, amma kullen yana tsare saƙo ne a hanya. Da ya isa wayar abokinka ya zama nasa, ya tura inda ya ga dama. Ko saƙon kallo-sau-ɗaya ana iya ɗaukarsa da wata wayar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Nan gaba, idan an ba ka izini, ka ajiye wayar a inda kai da allo kawai za su fito. Idan aikin yaro kake son nunawa, ka rufe sunansa da takarda kafin ka ɗauki hoton, ba bayan ka ɗauka ba. Rajistar aji da takardar maki ba sa shiga zaure ko kaɗan. Sauran biyu da ke kayar da sababbin malamai: karɓar ɗalibanka abokai a shafinka na kanka, da ƙorafi kan malamin da ke duba ka a bainar jama'a. Hoton fuskar waya ba ya tsufa, kuma masu ɗaukar aiki suna duba shafuka.

Tambaya: Ina kwashe awa uku zuwa huɗu kullum ina kallon darussa a YouTube, ina kuma maimaita takardun lacca har sau uku. Lokacin da nake kallo komai a fili yake. Da na zauna jarrabawa sai kaina ya zama fanko. Ƙwaƙwalwata ce ta yi rauni? Daga ɗalibin shekarar farko.

Amsa: Lafiyar ƙwaƙwalwarka lau, ɗan'uwa, hanyar ce ke yaudararka. Kallo da maimaita karatu suna sa ido ya saba da abu, kai kuma sai ka ɗauki sabo a matsayin iyawa. Jarrabawa ba ta tambayarka ko ka taɓa gani. Cewa take ka fito da shi daga kanka, abin da ba ka taɓa gwadawa ba.

An auna wannan. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai gajeren rubutu. Wani lokaci a ce su sake karantawa, wani lokaci a karɓe takardar a ce su rubuta duk abin da suka tuna. Bayan minti biyar sake karantawa ce a gaba, kashi 81 cikin ɗari a kan 75. Bayan mako ɗaya lissafi ya juye: sake karantawa ta bar kashi 42, gwada tunawa ta bar 56. Ka ga tarkon: hanyar da ta fi daɗi a daren karatu ita ce ta fi zubewa. Tun 1885 kuma Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, sannan ta lafa, don haka bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka cusa a dare ɗaya.

Ka rage kallo zuwa awa ɗaya. Duk bayan minti biyar zuwa bakwai ka tsayar da bidiyon, ka kifa wayar, ka rubuta abin da aka faɗa a layi uku zuwa biyar, sannan ka duba abin da ka tsallake. Abin da ka tsallake shi ne karatunka na gobe. Ka mayar da shi katunan tambaya, tambaya a gaba, amsa a baya, abu ɗaya a kati ɗaya. Ka ajiye su a akwati uku bisa tsarin da Sebastian Leitner ya yaɗa a 1972: na farko kullum, na biyu duk kwana uku, na uku mako-mako. Katin da ka ci ya hau akwati na gaba, wanda ka faɗi ya koma na farko ko daga ina yake. Manhajar Anki tana yin wannan lissafin da kanta. Tana zuwa da saitin sababbin kati ashirin a rana. Ka mayar da shi goma, domin bita tana taruwa, kuma wanda ya yi fashin mako guda yakan tarar da ɗaruruwa suna jiransa, sai ya watsar gaba ɗaya.

Akwai kuma matsalar rashin alƙibla. YouTube ne ke zaɓa maka bidiyo na gaba, kuma burinsa ka daɗe kana kallo, ba ka ci jarrabawa ba. Ka kashe kunna bidiyo kai-tsaye. Malcolm Knowles, wanda ya yi suna kan ilimin manya, ya fayyace karatun kai da kai a 1975: mutum ya gano giɓinsa, ya sa manufa, ya nemo kayan karatu, ya zaɓi hanya, ya auna sakamako. Ɗalibai kan tsallake na farko da na ƙarshe su zauna a kan tara kaya. "Zan karanta ilimin halayyar yara" ba manufa ba ce. Manufa ita ce: "Zuwa Asabar zan jera matakai huɗu na bunƙasar tunanin yaro na masani Piaget da shekarunsu, haihuwa zuwa 2, 2 zuwa 7, 7 zuwa 11, sannan 11 zuwa sama, in kawo misalin aji ga uku na ƙarshe, ba tare da duba littafi ba." Wannan ana iya aunawa, kuma mai aunawa abokinka ne na zaure: ka ba shi jerin manufofinka, ya yi maka tambaya ba sanarwa.

Tambaya: An turo mana wani zane mai siffar dala da ke cewa mutum yana riƙe kashi 10 na abin da ya karanta, kashi 90 na abin da ya koyar. Zan iya sa shi a aikin da zan miƙa? Sannan muna ta gardama kan matakin ƙoli a jadawalin Bloom: wasu sun ce tantancewa, wasu sun ce ƙirƙira. Daga wata ɗaliba.

Amsa: Mu fara da mai sauƙi: duk kuna da gaskiya. A jadawalin Benjamin Bloom na 1956, wanda ya jera matakan tunani shida daga ƙasa zuwa sama, tantancewa ce a ƙoli. A gyaran da Lorin Anderson da David Krathwohl suka jagoranta a 2001, ƙirƙira ta hau sama, tantancewa ta sauko ta biyar. Ki rubuta shekarar wanda kike nufi, gardama ta ƙare.

Dalar kuwa, kada ki sa. Alƙalumanta ƙanzon kurege ne. Tushenta wani zane ne mai tsini da Edgar Dale ya yi a 1946 yana jera hanyoyin koyo daga na zahiri zuwa na kalmomi zalla, amma babu kashi ko ɗaya a zanensa. Daga baya aka liƙa masa. Cibiyar horarwa ta NTL da ke Amurka, wadda ake yawan jingina wa alƙaluman, ita ma ta amsa cewa ba ta iya gano ainihin binciken ba. Ko ba wannan, duk inda kika ga sakamako ya fito goma, ashirin, talatin cif-cif, ki sa ayar tambaya, domin binciken gaske ba ya fitowa a gyare haka. Koya wa wani yana taimaka wa mai koyarwar, wannan haka yake. Lambobin ne na ƙarya.

Ƙanwarta ita ce maganar cewa kowane yaro yana da salonsa, mai gani ko mai ji ko mai taɓawa, kuma sai an bi salon zai koya. Harold Pashler da abokan aikinsa uku sun tace binciken da aka yi a kai a 2008, ba su sami isasshiyar hujjar da za ta sa a kasa yara haka ba. Darasi ne ke zaɓar hanyarsa: taswira sai an gani, lafazi sai an ji. Idan malaminki ya koyar da ita kuma za ta fito a jarrabawa, ki san ta, ki kuma san sukar da ake mata.

Bin diddigin irin waɗannan maganganu ba ya cin minti goma. Saƙon da WhatsApp ya sa wa kibiya biyu, alamar an yi ta tura shi ne, ba alamar inganci ba. Ki nemi sunan mai binciken, shekara da mujallar. In babu ukun, ki ajiye. In akwai, ki sa su a Google Scholar, shafin neman takardun bincike, ko ERIC, rumbun binciken ilimi na gwamnatin Amurka da ake shiga kyauta, ki karanta taƙaitawar da idonki. Haka za ki yi wa duk madogarar da ChatGPT da ire-irensa suka ba ki. Sukan haɗa sunan marubuci na gaske da taken da ba a taɓa rubutawa ba, su jera shi tsaf har da lambar shafi.

Tambaya: Na sauke shirin darasi daga intanet mai kyau ƙwarai, na shiga aji da shi, ƙararrawa ta kaɗa ban kai rabi ba. Kuma a zaurenmu mutum ɗaya ke rubuta shiri, sauran mu canja suna mu miƙa. Wannan taimakon juna ne ko satar amsa? Daga ɗalibin shekarar ƙarshe.

Amsa: Satar amsa ce, Malam, kuma kai ma ka sani, tunda ka tambaya. Ban da haɗarin hukunci, ga asarar da ta fi: shirin darasi ba takardar ba ce, tunanin da aka yi kafin a rubuta ta ne. Wanda ya kwafa bai san me ya sa mataki na uku ya riga na huɗu ba, don haka da yaro ya yi tambayar da ba ta cikin takarda sai ya daburce. Iyakar a fili take: kowa ya rubuta nasa tukuna, sannan a yi musaya a yi wa juna gyara.

Shirin da ka sauke an rubuta shi ne don wani aji. Kafin ka shiga da irinsa, ka duba minti nawa aka tsara shi, kai minti nawa gare ka. Yara nawa aka ƙiyasta. Wane kayan aiki ya ɗauka akwai. Me ya ɗauka yaran sun riga sun sani. Sannan ko yana cikin manhajar karatun ajin. Daga darasin minti arba'in ka cire biyar na shiga da natsuwa, biyar na rufewa da aunawa. Talatin ne naka. Raba takardu da kasa yara rukuni a babban aji kaɗai yana iya cin minti biyar, kuma ba shirin da ke rubuta wannan. Ka rage manufofi zuwa biyu, da aikatau da ake gani: su lissafa, su bambance, su zana. "Su fahimta" ba a ganinsa. Ka sa alama tun a gida a kan matakin da za ka yar idan lokaci ya ƙure.

Idan kuna son aikin haɗin gwiwa na halal, ku ari tsarin malaman Japan: ku tsara darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar, sauran su lura da abin da yara suka yi maimakon abin da malami ya yi, ku gyara, wani ya sake koyarwa. Kayan da aka yarda a gyara kuma suna nan, kamar na shirin TESSA da Open University ta Birtaniya ta fara a 2005 don horar da malamai. Ka duba alamar lasisin Creative Commons, wadda ke faɗin abin da mai kayan ya yarda a yi da su: BY na nufin ka ambaci mai shi, NC ba a sayarwa, ND kuwa ba a canja komai a rarraba.

Tambaya: Datata ba ta kai ƙarshen wata, waya kuma kullum cewa take ta cika. Yaya zan ci gaba da bin zaure? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ki shiga saitin ajiya da data na WhatsApp ki kashe sauke hotuna, bidiyo da fayiloli kai-tsaye, yawancin asarar daga nan take. YouTube ki sa shi a 360p, sai in akwai ƙananan rubutu a allo. Ku fifita saƙon murya da rubutu a kan kiran bidiyo. In kiran ya zama dole, ku kashe kyamara ban da mai koyarwa. Ku tuna Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet kuma a awa ɗaya idan kun kai uku.

Takardu kuma kada su zauna a cikin hira. Ku buɗe jaka ɗaya a Google Drive, wanda ke ba da gigabayit 15 kyauta, kowane fayil da suna mai ma'ana: kwas, batu, mako. Ku maƙala adireshin jakar a saman zaure, sai ki goge na wayarki hankali kwance. Ki kuma duba ko an kunna saƙonni masu ɓacewa a ƙaramin zaurenku. Idan an sa su a awa 24 ko kwana 7, gyaran da aka yi miki a farkon zango ba zai kai ranar bita ba. Ku kashe shi, muhimman gyare-gyare kuma ki sa musu tauraro ko ki kwafe su a littafi.